Yadda ake kai ƙaramin yaro hutu gidan kakarsa

A gidajen Hausawa da dama, wurin da yaro ke fara kwana ba tare da mahaifiyarsa ba shi ne ɗakin kakarsa, galibi lokacin yaye, idan ya kai kimanin shekara 2. Yanzu kuwa aiki da karatu sun raba iyalai, yara da yawa suna tasowa a birni ba su san kaka ba sai muryarta a waya, don haka ziyarar tana bukatar shiri.

Da farko a tuntuɓi kakar kafin a tsayar da rana. Tsohuwa ba za ta ce kada a kawo mata jika ba ko da ciwon ƙafa ya hana ta sakat, saboda haka iyaye ne za su duba ko akwai wata babba a gidan, gwaggo ko matar kawu, da za ta taya ta wanka da wanki da sa ido. Idan karon farko ne, kwana 2 ko 3 sun wadatar, kuma ya fi dacewa uwa ta kwana tare da shi a daren farko.

Bayan haka sai haɗa kaya. Ban da tufafi, a saka gidan sauro mai magani da katin rigakafinsa da ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, a kuma nuna wa mai kula da shi cewa ƙunshi ɗaya ana narkar da shi ne a lita 1 ta ruwa mai tsabta, abin da ya wuce awa 24 kuma a zubar. Idan damina ce, a tuna da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, kada tafiya ta sa zagayen ya wuce shi. Tsarabar kaka kuma, goro ko sabulu ko turmin atamfa, a damƙa wa yaron ya miƙa da hannunsa.

Idan an isa, iyaye su durƙusa su gaishe ta a gabansa, domin abin da ya gani shi zai kwaikwaya. Kada a tilasta masa zuwa wurinta idan yana ƙiwa. Ita ta san hanyarta: za ta kira namiji maigida ta tambaye shi kuɗin cefane, mace kuma ta ce da ita kishiya, kuma ta wannan wasan jika da kaka ne sabo ke shiga. A ganina kuskuren da iyaye 'yan birni suka fi yi shi ne tsawata wa yaro idan ya mayar wa kakarsa martani, alhali ita abin da take jira ke nan. Abin da ya kamata a faɗa mata a fili, cikin ladabi, shi ne batun magani, wato kada a ba shi jiƙo ko ƙwaya sai an sanar da iyaye. Idan suruka ce, maganar ta fi sauƙi daga bakin ɗanta.

Kafin uwa ta tafi ta zagaya gidan ta duba rijiya da murhu da inda ake ajiye kananzir, musamman wanda aka zuba a robar lemo. Ta yi wa yaron sallama ido da ido ta gaya masa ranar da za ta dawo, kada ta sulale yana barci.

Fita kuma a bar ta da safe ko bayan la'asar. Rakiyar kaka zuwa gidan suna ko bakin gona ko ranar kasuwa ta ishi ɗan shekara 3 kallo. Idan ana so a fita gaba ɗaya, kamar zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano, a tafi da ruwa da tabarma, a daidaita tafiya da ƙarfin tsohuwa. Bayan isha'i a kashe talabijin, a ajiye waya, a bar ta ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” a kuma koya masa ya amsa da “Ta zo mu ji ta.”