Kwalin da zai kai kaya har Katsina: inda sabon zuwa zai same shi kyauta a Turai da Amurka

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san cewa kwali ba abin yarwa ba ne. Mai shago a Babbar Kasuwa yana tara kwalayen taliya da na sabulu ya sayar wa masu ɗaurin kaya, uwargida kuma tana adana na talabijin shekara da shekaru a kan sif. A Ingila, inda nake zaune, da sauran ƙasashen Turai da Amurka, kwali nauyi ne a kan mai kanti, domin sai ya ninke shi, ya matse shi a inji, sannan a zo a kwashe. Duk da haka za ku ga sabon zuwa, ranar da ya tashi aika wa gida tsaraba, ya je ya sayi sababbin kwalaye da ledar naɗe kaya da kuɗin da zai isa cefanen kwana biyu, alhali a bayan layinsu ana neman wanda zai raba mutane da irinsu.

Wuri na farko shi ne kantin unguwarku. A Aldi da Lidl ana jera kaya a cikin kwalayensu, kuma idan kwali ya zama fanko ba a cika hana mai sayayya ɗauka ba, sai dai yawancinsu buɗaɗɗu ne marasa murfi, sun fi dacewa da kwasar cefane. Wanda yake son kwalin aike sai ya tambayi ma'aikaci lokacin da suke buɗe sababbin kaya, wanda galibi da sassafe ne ko da dare, ya roƙa a ajiye masa uku ko huɗu kafin a kai su inji. Idan aka ce ku zo ƙarfe bakwai, ku je ƙarfe bakwai, don ba za a jira ku ba. Ƙananan shaguna sun fi manya sauƙin kai. Kwalin shagon littattafai ƙarami ne mai ƙwari, an yi shi don ɗaukar nauyi. Na kemis yana da tsabta. Shagon kekuna yana da dogon kwali mai kauri. Masu sayar da kujeru da firji kuwa su ne gidan soso da ledar nan mai ƙurajen iska da ake naɗe abin fashewa da ita. Shagunan 'yan Afirka da na 'yan Pakistan, inda dama can kuke sayen shinkafa da naman halal, sukan ba da nasu da fara'a idan an saba.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne shiga bayan kanti a buɗe bola a ɗiba ba tare da izini ba. A Ingila da Jamus, abin da yake cikin bolar kanti har yanzu mallakar kantin ne a idon doka, kuma a Jamus an gurfanar da mutane a kotu saboda ɗaukar abincin da aka zubar a irin wannan wuri. Baƙon da yake zaune da biza ba shi da dalilin jawo wa kansa magana da 'yan sanda a kan kwali.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi, ita ce ta intanet. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa sabon gida sukan wayi gari da kwalaye ashirin a falo, su sa sanarwa cewa duk mai so ya zo ya kwashe. Ana samun irin wannan a kasuwar Facebook, da Freecycle wanda aka fara a Amurka a 2003, da Freegle da Gumtree a Birtaniya, da Nextdoor, da sashen kyauta na Craigslist a Amurka, da Kleinanzeigen a Jamus. Kamfanin U-Haul na Amurka da Kanada, mai ba da hayar motocin ƙaura, yana da wurin da masu ƙaura suke ajiye tsofaffin kwalaye a shagunansa don wasu su ɗauka kyauta. Kwalin ƙaura shi ne wanda ya fi kusa da abin da kuke buƙata, domin da yawansu masu bango biyu ne. Ƙarshen wata da lokacin da ɗalibai suke barin ɗakunansu, wajen Yuni da Yuli, su ne kakar wannan abu, sai kuma bayan Kirsimeti. Ku rubuta gajeren saƙo cikin ladabi, ku faɗi lokacin da za ku zo, ku cika alkawari. Idan 'yar'uwa ce za ta je gidan wanda ba ta sani ba, ta tafi da rakiya, ta karɓa a bakin ƙofa.

Samun kwali shi ne mai sauƙi, zaɓensa ne aikin. Ku auna shi da hanyar da zai bi: idan ta ruwa ne, makonni a cikin kwantena mai zufa, saukewa a Apapa ko Tin Can, doguwar tafiya a tirela zuwa Kano, sannan a ɗaure shi da igiya a bayan mota zuwa Katsina ko Daura, wataƙila da buhun wani a kansa. Ku duba bakin kwalin, ku ga ko layin tattarar takardar da ke ciki ɗaya ne ko biyu; mai biyu shi ne na tafiyar gida. Ku danna kusurwa da babban yatsa, idan ta lotsa ku bar shi. Wanda ya taɓa jiƙewa, ko da ya bushe, ƙarfinsa ya tafi. Kwalin ayaba yana ruɗar mutane saboda ƙwarinsa, amma yana da rami a gindi da ɓuli a gefe, kuma kwalin kayan marmari kan zo da ɗanshi da ƙwari. Wanda aka kwaso daga gidan wani kuma a buɗe shi a waje, a duba saƙo-saƙonsa saboda kuɗin cizo da kyankyaso.

Na koyi wannan ne da kwalin da na aika wa mahaifiyata a shekarata ta farko. Na tsince shi a ƙofar maƙwabci bayan an yi yayyafi, na shanya shi a jikin hita, na ga ya koma garau. Ƙanena ne ya je tasha karɓa, ya kira ni ya ce, “Yaya, wannan fa ba kwali ba ne, tsumma ne, da zani muka tattaro kayan.” Gindin ya buɗe, kwalbar turare ɗaya ta fashe a cikin atamfofi. Hajiya ba ta ce komai ba sai “Allah ya yi albarka,” amma ƙamshin bai bar atamfofin ba har Babbar Sallah.

Sai maganar tsofaffin tambura, wadda mutane suka fi sakaci da ita. Tsohon adireshi da layukan nan baƙaƙe da na'ura take karantawa dole a ɓare su ko a shafe da baƙar maka, in ba haka ba kaya na iya komawa inda kwalin ya fito. Mafi haɗari su ne tamburan gargaɗi: hoton harshen wuta, ko alamar batirin litiyom mai lamba irin UN3481, wadda ake yawan gani a kwalayen Amazon. Ma'aikacin jirgi abin da ya gani a jiki yake bi, kuma zai iya tsare kayan ko ya dawo da su. Gidan wayar Amurka ba ya karɓar kwalin giya ko na bilic sai an shafe rubutun gaba ɗaya, mu kuwa ko ba doka, ba wanda zai so a sauke kwali mai hoton kwalbar giya a ƙofar gidan mahaifinsa a Ƙofar Marusa. Idan rubutun ya yi yawa, a farke kwalin ta gefen ɗinkinsa, a juya cikinsa waje, a sake liƙewa. Kwalayen aiken gaggawa na Priority Mail da gidan wayar Amurka yake bayarwa kyauta na wannan aiken ne kaɗai, amfani da su a wani aike saɓa doka ne.

Kyauta tana iya jawo asara ta wajen girma. Kamfanonin aike ta jirgin sama suna auna nauyi, su kuma auna girma, su caji wanda ya fi yawa. A DHL ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwali mai 60 da 40 da 40 ya zama kilo 19.2 ke nan, ko da kayan da ke ciki kilo 8 ne. Saboda haka kada ku ɗauki ƙato don kawai an ba ku. Ku tsaga kusurwoyinsa da wuƙa, ku rage tsayinsa daidai kayan. Wanda zai riƙo kwali a jirgi a matsayin jakarsa ya tuna cewa yawancin jirage kilo 23 suke yarda da shi, kuma tsawo da faɗi da tsayi kada su wuce santimita 158 idan an haɗa. Jakar Ghana Must Go ma ba ko'ina take shiga ba, tun da jirgin Habasha ya hana ta a 2023 sai idan an sa ta a kwali.

Abin cike gurbi ba ya buƙatar dogon bayani. Takardar da take zuwa cikin kayan da kuka yi oda, ku riƙa ninkewa kuna ajiyewa a ƙarƙashin gado, kuma tufafin da za ku aika su kansu matashi ne ga abin fashewa. Jaridar Metro da ake rabawa kyauta a tashoshin Landan tana aiki, amma tawadarta tana kama farar shadda, don haka a fara sa tufa a leda. Akwatin katako ku bar shi sai idan yana da hatimin da yake nuna an gasa katakon, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake kira ISPM 15 ta shafi katakon da yake ƙetare iyaka.

Salatif kaɗai nake ba da shawarar a saya sabo, mai faɗi mai kyau, a bi tsakiyar kwali da shi, a bi bakunan gefe biyu, sama da ƙasa. A shimfiɗa babbar ledar shara a ciki kafin a zuba kaya saboda damina. A rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa a gefe biyu na kwalin, a sa wata takardar mai irin wannan bayani a ciki, sannan a ɗauki hoton kwalin a buɗe da kuma a rufe a tura wa wanda zai je tasha, don ya gane shi a cikin tarin kaya kafin direba ya fara saukewa.