Yadda za ka zaga yankin Haute-Savoie na Faransa cikin kwana huɗu

Haute-Savoie tana gabashin Faransa, ta yi iyaka da Suwizalan da Italiya, kuma tun 1860 take ɓangaren Faransa. Wurare uku ne ke janyo baƙi: Annecy da Yvoire, tsofaffin garuruwa biyu da ke bakin tafki, sai Chamonix a gindin dutsen Mont Blanc. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayar da ranar hawa dutse tun daga gida. Yanayin sama ne zai zaɓa maka ranar. Garuruwan suna ganuwa ko da ana yayyafi, amma kan dutse ranar gajimare, kuɗinka kawai ka zubar.

Filin jirgi mafi kusa shi ne na Geneva, kilomita kamar 40 daga Annecy. Yana cikin Suwizalan, inda ake kashe faran, alhali a ɓangaren Faransa yuro ake karɓa. Bizar Schengen ɗaya ta wadatar a ƙasashen biyu. Daga Paris kuwa, jirgin ƙasa na TGV yana kai mutum Annecy cikin ƙasa da awa huɗu. Mai hayar mota ya sani cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi ko sarƙar taya a yankin.

Ka fara da Annecy, ka kwana biyu. Ƙaramin kogin Thiou ya ratsa tsohon garin, a tsakiyarsa kuma akwai Palais de l'Isle, ginin dutse mai siffar goshin jirgin ruwa da asalinsa ya koma ƙarni na 12, wanda ya daɗe yana aikin kurkuku. Daga nan hanya ta hau zuwa fadar da ke saman gari, yanzu gidan tarihi ce. Kasuwa tana ci a lungunan tsohon garin da safiyar Talata, Juma'a da Lahadi. Ka shiga kafin ƙarfe tara, don zuwa sha ɗaya a watan Yuli da Agusta ba masaka tsinke. Da yamma ka yi hayar keke. Zagayen tafkin kilomita kamar 40 ne, kuma gefen yamma ya fi sauƙi domin hanyar keken shimfiɗaɗɗiya ce.

Duk safiyar da hasashe ya ce sama za ta yi garau, ka kasance a Chamonix tun daren jiya. Garin yana kan tsayin mita 1,035. Motar da ke tafiya a rataye da igiyar ƙarfe tana ɗaga mutane zuwa kusa da ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi, mai tsayin mita 3,842, cikin minti kamar 20, da canji ɗaya a Plan de l'Aiguille. Ka sayi tikiti ta intanet, ka kama tashin farko-farko, saboda gajimare yakan taru bayan azahar ya rufe Mont Blanc, mai tsayin mita 4,800 da 'yan kai. Iska mai ƙarfi tana sa a dakatar da motar, a watan Nuwamba kuma akan rufe ta don gyara.

Abu biyu ke ɓata wa mutane wannan hawan. Na farko sanyi: kowace mita 1,000 zafi yana raguwa da digiri shida da rabi, wato tsakanin gari da ƙololuwa digiri kamar 18 ne. Wanda ya bar otal da 'yar shara zai sha wuya. Ka riƙe babbar rigar sanyi, safar hannu, rufaffen takalmi da baƙin tabarau, don hasken da ke dawowa daga ƙanƙara yana ƙona ido. Na biyu ƙarancin iska. An cilla ka sama da mita 2,800 cikin 'yan mintuna, jiki bai saba ba, sai ka ji numfashi na sama-sama a matakala goma kawai. Ka taka a hankali, ka sha ruwa. Idan ciwon kai da jiri da tashin zuciya suka haɗu, sauka ita ce magani. Ba a hawa da yaro ɗan ƙasa da shekara uku, mai ciwon zuciya kuma ya tuntuɓi likita tukuna.

Wanda tsayin ya fi ƙarfinsa ya hau jan jirgin ƙasa na Montenvers zuwa mita 1,913, ya ga Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa.

Yvoire rabin yini ya ishe ta. Ƙauye ne mai ganuwa da ƙofofi na farkon ƙarni na 14 a bakin Tafkin Geneva. Mota a wajen ganuwa ake ajiye ta, fadar kuma ta masu ita ce, ba a shiga. Isa ta jirgin ruwa daga garin Nyon na Suwizalan ya fi armashi.

Batun abinci, gidajen cin abinci da yawa suna ba da na rana ne tsakanin sha biyu da biyu kawai. Tartiflette, wato dankali da cukun reblochon, da naman alade ake yin ta, haka tsiran diots, fondue kuma da farar giya ake narka cukunta. Mai guje wa waɗannan ya nemi kifin tafki, féra ko perche, ya tambaya ko an sa giya a romon.