Kurakuran da aka fi yi wajen sayen kwamfutar wasa ta hannu

Babban kuskure shi ne a fara da tambayar "nawa ne?" Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa, domin su ne za su zaɓa maka na'ura.

Ga dalili. Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a 2022, da SteamOS take aiki, tsarin da aka gina kan Linux. Wasannin da aka yi domin Windows tana tafiyar da su ne ta wata manhaja mai suna Proton, kuma dubbai suna tafiya sumul. Amma akwai masu manhajar hana maguɗi da ba ta jituwa da Linux, irin su Fortnite da Valorant. In da waɗannan kake kwana kake tashi, komai arhar Steam Deck asara ce gare ka. Maganin mai sauƙi ne: Valve na sa wa wasanni alama a Steam, shagonsa na sayar da wasanni a intanet, koriya ga waɗanda aka gwada aka tabbatar suna aiki. Duba naka ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗi su bar hannunka.

Sai kuma masu ganin in dai Windows ce, shi ke nan. Gaskiya ROG Ally ta ASUS da Legion Go ta Lenovo, waɗanda suka fito a 2023 da Windows, suna karɓar kusan kowane wasa, har da na Game Pass, tsarin Microsoft na biyan kuɗin wata domin buga wasanni. Sai dai Windows an gina ta ne domin babban allo da linzami. A allon inci 7, yatsa na shan wahalar taɓa ƙananan rubutu, ga sabuntawa da kan tare ka daidai lokacin da ka samu minti ashirin na hutu. A SteamOS kuwa maɓalli ɗaya za ka danna ta yi barci, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Ni wannan ya fi mini ƙarfin inji muhimmanci nesa ba kusa ba.

Hannu ma ana mantawa da shi. ROG Ally na da nauyin giram 608, Legion Go kuwa ta haura 850, kuma bayan awa guda wuyan hannu zai faɗa maka bambancin. Mai son wasannin dabarun yaƙi ko gina birni, waɗanda ke buƙatar linzami, ya lura cewa Steam Deck na da faifan taɓawa biyu, ROG Ally ba ta da ko ɗaya. In da hali, ka riƙe na'urar kafin ka saya.

Yanzu a zo ga kuɗi. Steam Deck mafi arha ta fito a kan dala 399 da ma'ajiyar gigabayit 64, alhali manyan wasannin yau wani shi kaɗai ya wuce 100. Ka ga dole a ƙara kuɗin katin microSD. Haka batir: na Steam Deck ta farko da na ROG Ally duk 40Wh ne (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne), kuma wasa mai nauyi kan cinye shi kafin awa biyu. Shi ya sa ASUS ta ninka shi zuwa 80Wh a Ally X ta 2024. Wanda ya riga ya sayi mai ƙaramin batir ya rage hotunan da allo ke nunawa zuwa 30 ko 40 a daƙiƙa, ya kuma sassauta hasken allo, zai ga cajin ya ƙara daɗewa.