Kafin ka taya kaya a gwanjon intanet, duba ƙasar mai sayarwa

Ina da ɗan shagon gyara da sayar da kwamfutoci na hannu a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, kuma yawancin kayana a gwanjon intanet nake samo su. Kwanaki wani ƙanena da ke sayar da waya a kasuwar Muda Lawal ya zo ya ce, "Yaya, na taya wata waya don in gwada, sai ga saƙo wai ni na ci, in biya." Abin da na zaunar da shi na faɗa masa ne nake so in rubuta, domin da yawa daga cikinmu da hankalin kasuwar gida muke shiga wuraren nan.

A wajenmu tayi ba saye ba ne. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya ce albarka, in ka ga dama ka juya ka tafi, ba wanda zai riƙe maka riga. Sai an ce "na sallama" ciniki ya faɗa. A gwanjon intanet kuwa sallamar tana cikin tayin. A shafin gwanjo na eBay, idan ka sa kuɗi a kan waya ko kwamfuta kuma lokaci ya cika ba wanda ya ɗara ka, ka saya ke nan, biya ya hau kanka. In ka ƙi, za a rubuta maka laifi a asusunka, in ya yawaita a taƙaita ka ko a rufe. Saboda haka kafin ka danna komai, ɗauki biro ka haɗa kuɗin kayan da na jigila da la'adar ejan da zai karɓi kayan a can ya turo maka da kuɗin kwastam, ka juya su zuwa naira a canjin ranar. In jimillar ta yi maka, kuɗin kayan da ka sa a lissafin shi ne iyakarka. Rubuta shi sau ɗaya, shafin da kansa zai riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har zuwa nan. Kada zafin mintin ƙarshe ya ja ka ka wuce.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe: duba wane ne mai sayarwa, kuma a ina yake. Doka ba ɗaya ba ce.

A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2011 ta ba mai saye kwana 14 ya fasa cinikin da ya yi daga nesa, ba sai ya kawo dalili ba. Ingila ma tana da irin wannan a ƙa'idojinta na 2013, sannan dokarta ta 2015 ta ƙara kwana 30 na mayar da kaya mai aibi a karɓi kuɗi. A Jamus tun 2004 babbar kotun tarayya ta yanke cewa cinikin eBay yana cikin waɗanda ake iya fasawa. Amma akwai sharuɗɗa da mutanenmu ba sa lura da su. Sai mai sayarwar ya kasance ɗan kasuwa ne. In wani ne kawai ya fito da tsohuwar kwamfutarsa daga ɗaki, wannan haƙƙin babu shi. Kuma sai kai ka kasance mai saye don amfanin kanka. Irina da ke sarowa don shago, dokar ba ta ɗauke ni mai amfani da kaya ba, ɗan kasuwa ta ɗauke ni. Kuɗin mayarwa kuma galibi daga aljihunka ne.

Amurka daban. Babu dokar tarayya da ta ba ka damar mayar da kayan intanet don kawai ka sake shawara. Abin da mai shago ya rubuta shi ne. Gwanjon motoci irin su Copart da IAA a yadda mota take ake sayar da ita, da ciwonta da komai, sannan ga kuɗin gwanjo a sama, ga kuɗin ajiya in ka yi jinkirin ɗauka. Duk wanda zai taya mota can ya fara bin lambar jikinta ya ga tarihinta.

A Sin dokar da ta fara aiki a Maris 2014 ta ba da kwana 7 na mayar da kayan intanet, amma sari tsakanin 'yan kasuwa ba ya ciki. Can kuwa ciniki ake yi sosai: a shafin sari na Alibaba ka nemi ragi, ka nemi a rage yawan da za ka ɗauka. Sai dai duk abin da kuka daidaita a rubuta shi cikin odar, kuma a cikin shafin za ka biya.

Ga abin da ya taɓa cin kuɗina. Na ci kwamfutoci uku a wani shafin gwanjo, aka kai su ɗakin ajiyar ejan ɗin da ke turo mini kaya. Sun yi sama da wata kafin su iso Bauchi. Da na buɗe ɗaya a kan tebur, allonta da layi baƙi daga sama har ƙasa, wajen maƙalin murfin kuma an liƙe da gam. Na rubuta ƙorafi, aka ce lokaci ya wuce, domin daga ranar da ejan ya sa hannu ake ƙirga kwanakin, ba daga ranar da kaya suka shigo hannuna ba. Wasu shafukan ma suna janye kariyarsu da zarar an tura kaya gaba zuwa wata ƙasa. Tun daga nan nake biyan ejan ɗan ƙari ya buɗe kwali a ranar, ya kunna, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp.

In ragi kake so, nemi kayan da aka buɗe wa ƙofar tayi, kamar maɓallin Best Offer na eBay, amma ka sani in mai kaya ya karɓa, ciniki ya faɗa. In ya ce ku koma gefe ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, ka ƙi. Kariyarka ce yake saye da wannan ragin. Haka nan in ka ga wani sabon asusu yana ta tura farashi sama yana janyewa, ka tsaya ka kai rahoto. Wannan shi ne najashi da malamanmu suka karantar da mu haramcinsa, tayi ba da niyyar saye ba, kuma shafukan ma sun hana.

A gida Najeriya muna da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi, kuma rubuta "ba a mayar da kaya" a rasit ba ya goge haƙƙinka in kayan na da aibi. Gwanjon kwastam na intanet kuma a shafin hukumar kaɗai ake yin sa, da lambar harajinka ta TIN, ba ta hannun wani a Facebook ba.

Ƙanen nawa ya biya wayar. Na sa shi ya ɗauki hoton tallar da saƙonnin da rasit ya adana, kuma ejan ya kunna ta a gabansa ta bidiyo kafin a sa ta a jirgi.