Yadda ake gane zawali da shigar La'asar da inuwar sanda

Mutane da yawa sun ɗauka da agogo ya buga sha biyu rana ta take tsaka. A ƙasar Hausa babu garin da haka yake kullum. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk lokaci ɗaya suke bi, awa ɗaya gaba da na Ghana, kuma an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas, wanda ya ratsa ta Ndjamena. Duk digiri ɗaya da ka matsa yamma da wannan layi, rana za ta makara da minti 4. Shi ya sa a matsakaicin lissafi zawalin Maiduguri ke zuwa kamar minti 7 bayan sha biyu, na Kano minti 26, na Sakkwato minti 39, na Yamai kuwa sai kusan ɗaya saura minti 8. Ban da wannan, ita kanta ranar tana gaba tana baya a cikin shekara: a farkon Nuwamba zawalin Kano na kamawa wajen 12:10, a tsakiyar Fabrairu kuma sai wajen 12:40. Sanda da inuwarta ba ruwansu da wannan lissafi, abin da rana ta yi suke nunawa.

Nemi sanda miƙaƙƙiya ko guntun rodi, da zare, da ƙusa, da alli ko gawayi, da tef na awo. Wurin da za ka kafa ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma rana na dukansa tun hantsi har yamma. Daɓen siminti ya fi, amma ka gwada shi tukuna: zuba ruwa kaɗan, in ya gangara gefe guda to wurin bai yi ba. Kafa sandar yadda abin da ya fito sama da ƙasa zai zama mita 1 cif. Wanda aka binne ba ya cikin lissafi, kuma nan ne wasu ke fara ɓata awonsu. Sai ka ɗaure dutse a zare ka sake shi a jikin sandar, ka duba ta gabas ka duba ta kudu. Sandar da ta karkata ko da yatsa biyu ce za ta yi maka ƙarya duk shekara.

Ka'idar dai ita ce inuwa tana raguwa tun safe, ta tsaya, sannan ta fara ƙaruwa ta ɓangaren gabas, kuma da ta fara ƙaruwa Azahar ta shiga. Matsalar ita ce dab da tsakar rana tsawon inuwar kusan ba ya motsi, za ka iya zura mata ido minti goma ba ka ga bambanci ba. Don haka kada ka tsaya gadin ta. Wajen ƙarfe goma na safe, sa alama daidai inda kan inuwar ya tsaya. Zarga zare a gindin sandar, ɗaure ƙusa ko alli daidai wannan tsawon, ka zana da'ira. Inuwar za ta shige cikin da'irar tana guntulewa. Da rana ta juya za ta sake miƙowa, to ka tsare lokacin da kanta ya sake taɓa da'irar, ka sa alama ta biyu. Ja layi tsakanin alamomin nan biyu, raba shi biyu daidai da tef, sannan ka ja wani layin daga tsakiyar ya bi ta gindin sandar ya zarce ɗaya gefen. Wannan shi ne layin kudu da arewa na gidanka. Alamomin biyu dole su zama na yini ɗaya, amma layin da ka samu zai yi maka aiki muddin sandar ba ta gusa ba. Karce shi da ƙusa a jikin simintin don kada ruwan sama ko tsintsiya su share.

Daga ranar, duk sa'ad da tsakiyar inuwa ta kwanta a kan layin nan, rana ta take tsaka. Ba ta minti biyu ko uku ta goce gabas, sannan ka ce lokaci ya yi. Dubi agogonka ka rubuta.

A daidai wannan lokaci kuma ka auna tsawon inuwar, domin da ita ake fitar da La'asar. A wajen malaman Malikiyya La'asar na shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar zawali a kai. Wannan ƙarin shi ake yawan mantawa. A Kano, cikin sanyin Disamba, sandar mita 1 tana da inuwar santimita 71 da tsakar rana, ta fuskar arewa. Ke nan La'asar sai inuwa ta kai santimita 171, wajen ƙarfe huɗu saura ashirin. Wanda ya yi salla da inuwa ta kai mita 1 kacal ya riga lokaci nesa ba kusa ba. A ƙarshen Yuni inuwar zawali santimita 20 ce, kuma kudu take faɗawa, shi ya sa aka ce ka zarce da layin ɗaya gefen. Wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta kuwa rana na bi ta saman kai, inuwar ta shige gindin sandar kamar babu ita.

In kana gona ko daji babu sanda babu tef, jikinka ya isa. Ana lissafa tsawon mutum ƙafa bakwai da tafin ƙafarsa, wasu malamai sun ce shida da rabi. Cire hula da takalmi, tsaya a miƙe, lura da tsakuwa ko ciyawar da inuwar kanka ta taɓa, sai ka taka zuwa wurin, diddige na taɓa yatsa. A Disamba inuwar zawali a Kano ƙafa biyar ce, La'asar ke nan ƙafa sha biyu. A Yuni takwas da rabi ta wadatar.

Kada ka riƙe awon wata ɗaya ka yi ta aiki da shi. A Maris da Satumba inuwar zawali na canzawa da kusan santimita 5 a mako, don haka sai ka riƙa sabunta awo duk Juma'a. A Yuni da Disamba tana iya yin mako biyu ba wani canji. Ranar da hazo ya yi kauri bakin inuwa kan dushe, sai ka ɗora farar takarda a ƙasa don ya fito. In hadari ya rufe rana gaba ɗaya, koma ga lokacin da ka rubuta jiya ko shekaranjiya, domin zawali ba ya gusawa fiye da rabin minti a yini.