Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin Run-DMC

Duk wanda ya zauna ba da tarihin gambarar zamani, a rediyo ne ko a Facebook, sai ya biyo ta kan Run-DMC, ƙungiyar mawaƙa daga yankin Queens na birnin New York a Amurka. Matsalar ita ce labarin nasu ya sha hannu da yawa, wannan ya ji daga wancan, har wasu kurakurai suka zauna daram kamar su ne gaskiyar. Abin yana damuna, domin kusan kowane kuskure a nan yana tauye haƙƙin wani mutum da ya yi aiki tuƙuru.

Wanda ya fi yawa shi ne a ce su suka ƙirƙiro hip hop, wato gambarar zamani, ko su ne ƙungiya ta farko. Waƙarsu ta farko, It's Like That, ta fito ne a 1983. Shekara goma kafin nan, a watan Agustan 1973, DJ Kool Herc ya riga ya haɗa casun nan na unguwar Bronx ta New York da ake ɗauka a matsayin mafarin harkar. Sugarhill Gang sun saki faifai a 1979, Kurtis Blow ya yi suna a 1980, Grandmaster Flash da mutanensa sun girgiza gari a 1982. Shi kansa Run, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, yaron Kurtis Blow ne, a bayansa ya fara hawa dandamali yana ɗan saurayi, har ana kiransa ɗan Kurtis Blow. Gyaran wannan mai sauƙi ne: a ce su suka buɗe sabon zango. Waɗanda suka gabace su suna rera baiti a kan kiɗa mai kama da na disko, da tufafi masu ƙyalƙyali. Su kuwa suka sauke komai, suka bar bugun ganga na na'ura da muryoyi biyu masu karɓa wa juna magana da ƙarfi, ɗaya ya fara jimla ɗayan ya ƙarasa.

Kuskure na biyu shi ne ya fi yi mini ciwo. Ana yawan cewa mutum biyu ne, saboda sunan ƙungiyar na mutum biyu ne: Run, wato Joseph Simmons, da DMC, wato Darryl McDaniels. Na ukunsu shi ne Jason Mizell, wanda duniya ta sani da Jam Master Jay, kuma ba ɗan rakiya ba ne. A dandamali babu makaɗa, babu mai ganga, babu mai jita. Hannun Jay a kan faifai shi ne kiɗan gaba ɗaya. Idan ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya, baitin ya watse a gaban dubban mutane. Shigar nan da aka san su da ita ma, baƙar malafa da rigar fata da takalmin Adidas marar igiya, daga salon Jay aka ɗauko ta, abokan nasa suka bi. Bayan haka ya kafa kamfaninsa na faifai, ya fito da ƙungiyar Onyx, kuma yana cikin waɗanda suka fara koya wa 50 Cent yadda ake gina waƙa. Wanda zai yi magana a kansu ya ambaci sunaye uku tun daga jimlar farko, idan kuma zai sa hoto ya nemi mai mutum uku.

Akwai na huɗu ma da ake mantawa kwata-kwata. Larry Smith shi ne ya tsara kiɗan faifansu na farko na 1984 da na biyu, King of Rock, na 1985, tare da manajansu Russell Simmons. Mutane da yawa suna miƙa wa mai tsara kiɗa Rick Rubin yabon duka, alhali Rubin ya shigo aikin faifansu ne a na uku. Wancan busasshen kiɗa mai dukan ƙirji da ya sauya kunnen matasa, aikin Smith ne.

Daga nan ake faɗawa wani rami, a ce su mawaƙan kamfanin Def Jam ne. Dalilin ruɗanin a fili yake: Russell Simmons yayan Run ne, shi ne manajansu, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Def Jam. Amma kwantiraginsu da Profile Records yake, kuma a can manyan faifansu suka fito. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai ba da tarihi, domin taƙaddama da wannan kamfani tana cikin abin da ya jinkirta faifansu na huɗu har zuwa 1988, lokacin da Public Enemy da Eric B. da Rakim suka riga suka kawo sabon salo.

Sai batun waƙar Walk This Way. Ana cewa da ita suka fara haɗa gambara da kiɗan rok, wasu ma suna zaton waƙarsu ce tun asali. Duka biyun kuskure ne. Waƙar ta ƙungiyar rok ta Aerosmith ce, ta 1975. Abin da yaran Queens suka sani a cikinta shi ne bugun gangar farkonta, wanda masu juya faifai ke maimaitawa a wuraren casu. Rubin ne ya kawo shawarar a sake ta gaba ɗaya a 1986, Run da DMC suka yi ta jan ƙafa, Jay ya ga abin zai yiwu. Ta kai lamba 4 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe na Billboard, ta kai faifansu na uku, Raising Hell, gidajen da ba su taɓa sauraron gambara ba, ta kuma farfaɗo da Aerosmith da tauraronsu ya dushe. To amma shekara biyu kafin nan sun riga sun yi Rock Box, da jitar Eddie Martinez a kai, kuma tashar MTV ta riƙa nuna bidiyonta. A jera abin yadda ya zo: Rock Box a 1984, sannan King of Rock a 1985, sannan Walk This Way a 1986. Wanda ya fara labarin daga 1986 ya mai da su kamar waɗanda wasu suka ɗauko suka ɗora a kan hanya, alhali sun riga sun sayar da faifai da yawa, sun kuma hau dandamalin babban wasan tara tallafi na Live Aid a Philadelphia a 1985.

Labarin Adidas ma ana juya shi baibai. Ba kamfanin ne ya biya su suka yi wa takalmin waƙa ba. Waƙar, My Adidas, ita ce ta riga kuɗin. A wasansu na Madison Square Garden a 1986 Run ya ce wa jama'a su ɗaga takalmansu sama, dubbai suka ɗaga, wani jami'in kamfanin yana wurin yana kallo. Bayan nan aka ƙulla yarjejeniyar da ta kai dala miliyan 1 ko fiye.

Wasu kuma, saboda sun saba da labarin mawaƙan da suka biyo baya, sai su zana su a matsayin 'yan daba da suka taso cikin baƙin talauci. Hollis, unguwarsu a Queens, wuri ne na ma'aikata masu gidajen kansu, duk da cewa ƙwaya ta yi mata illa daga baya. Mahaifin Run ma'aikacin ilimi ne, DMC kuma ya yi makarantar Katolika ya shiga Jami'ar St. John's, har yana alfahari da hakan a baitinsa. Rikicin da ya ɓarke a wasansu na Long Beach a 1986, wanda jaridu suka jingina musu, faɗan gungun 'yan daba ne na yankin, su ko dandamali ba su kai ga hawa ba.

Game da ƙarshen ƙungiyar, kada a ce rigima ce ta raba su. Gaskiya ne kasuwarsu ta ja baya a 1990, ta ɗan dawo da Down with the King a 1993, Run ya zama fasto, DMC ya yi fama da ciwon murya da damuwa, kuma faifansu na 2001 bai karɓu ba. Amma abin da ya rufe littafin shi ne kisan Jay. An harbe shi a ɗakinsa na ɗaukar waƙa a Queens ranar 30 ga Oktoban 2002, yana da shekara 37, kuma ba a daɗe ba sauran biyun suka sanar da ajiye aikin ƙungiyar. Shari'ar kisan ba ta zo gaban kotu ba sai 2024. Haɗuwar da Run da DMC suka riƙa yi jefi-jefi bayan haka, har da ta filin Yankee a 2023 don bikin cikar hip hop shekara 50, wasanni ne na musamman, ba sabon faifai. A 2009 aka shigar da su zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll, kuma a nan ma a kula: su ne na biyu daga masu gambara, Grandmaster Flash da Furious Five sun riga su a 2007.