Ga malaman lissafi: ku gwada haɗa ɗalibai uku-uku

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ga abin da ya yi min aiki a ajin SS2. Nakan raba ɗalibai uku-uku, amma ba na ba gwanin cikinsu alli. Mai rauni ne ke rubutu a allo, gwanin nasa bayani da baki kawai. In ka bar masa allin, shi kaɗai zai warware, sauran su kwafe.

Ran Alhamis kuma kowane rukuni ya kawo tambaya ɗaya da ta gagare su daga tsofaffin takardun WAEC ko NECO, mu warware tare. Wata rana na manta alamar ragi, suka kama ni, aji ya kaure da dariya. Tun daga ranar 'yan kujerar baya suka fara ɗaga hannu.